Gyaran Hanya da Magudanan Ruwa a Ƙauye

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu masu daraja, ina neman izini in yi magana a kan wani al'amari wanda galibinmu za mu tarar da shi ran da aka tura mu koyarwa a ƙauye. Al'amarin kuwa shi ne hanyar gari, da magudanan ruwa, da makewayi. Na san wani zai ce, "Ina ruwan malamin makaranta da kwata? Ai wannan aikin duba-gari ne da injiniya." To, sai ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, sa'an nan ya yi hukunci.

A daminar da ta wuce na tafi hutu garinmu. Ran nan cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye sai muka tarar ruwa ya yanke hanya daidai gangaren da ke gabas da gari, motar kasuwa ta daina shigowa. Ruwan da ya malalo daga bayan gidaje kuma ya kwarara cikin rijiyar unguwarmu, domin bakinta daidai ya ke da ƙasa. Ba a yi mako ba gudawa ta kama yara. Da cutar ta tsananta ga 'yar maƙwabcinmu, aka rasa motar da za ta kai ta asibiti, sai a amalanke, kafin a isa ta cika. Allah ya ji ƙanta.

Mutanen gari suka ce masifa uku ce ta same mu, watau yankewar hanya, da ɓacin rijiya, da annoba. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga duk tushensu ɗaya ne. Ruwa ya zo, ba a shirya masa inda zai bi ba, sai ya zaɓi nasa wurin. Wannan shi ne kan darasin nan. Hanya, da magudana, da salga, da rijiya, duk aiki ɗaya ne, wanda ya gyara guda ya bar sauran bai gama ba.

Lissafin ruwan sama

Bari mu fara da lissafi. In aka yi ruwa milimita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, an sami lita 1 ke nan. To, ɗauki ɗaki mai rufin kwano, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5. In aka yi ruwa milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a dare ɗaya na tsakiyar damina, rufin nan kaɗai zai zubo da lita 1,500, watau jarka 60 mai cin lita 25. Gari mai irin wannan rufi guda 100 zai zubo da jarka 6,000, ban da abin da ya sauka a tsakar gidaje da lunguna.

A ƙasar Hausa ruwan shekara duka yana sauka ne cikin wata huɗu ko biyar, mafi yawansa kuwa a Yuli da Agusta. Da, lokacin da ɗakuna su ke na ciyawa, fili kuma ya ke da yawa tsakanin gidaje, ƙasa ta kan shanye rabo mai yawa. Yanzu kwano da siminti sun yawaita, ba su shan ko ɗigo. Saboda haka garin da bai ƙara girma ainun ba ya kan ga ruwan lungunansa ya ƙaru. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu, kullum gangare ya ke nema. In gangaren ya yi tsaye sai gudunsa ya ƙaru, ya dinga kwasar ƙasa. In ya iso shimfiɗaɗɗen wuri sai ya sauke abin da ya kwaso, ya cike magudana. Wanda ya riƙe waɗannan halaye biyu na ruwa ya riƙe rabin ilmin hanya.

Hanya

Akwai wani mutumin Sikotilan, John McAdam, wanda aka haifa a 1756, ya rasu a 1836. Shi ya koya wa mutanen Ingila yin hanya da ƙananan duwatsu fasassu. Babban abin da ya gane shi ne, ƙasar da ke ƙarƙashin hanya ita ke ɗaukar nauyin abin da ke wucewa, kuma tana iya ɗauka muddin tana bushe. Aikin abin da aka shimfiɗa a sama shi ne ya zame mata rufi. Kowa ya taka yumɓu da rani ya kuma taka shi da damina ya san gaskiyar wannan magana.

Saboda haka hanyar kirki tana bukatar abu huɗu.

Na fari, doro. Tsakiyar hanya ta fi gefenta tudu, kamar bayan kunkuru, domin ruwa ya zame dama da hagu. Ga hanyar ƙasa ko ta burji, a kan so gangaren kamar santimita 5 ga kowace mita. Hanya mai faɗin mita 6 tana da mita 3 daga tsakiya zuwa gefe, watau tsakiyar za ta fi gefen tudu da santimita 15. Da turaku uku da igiya da ma'auni ana iya gwada wannan. Galibin hanyoyin ƙauyukanmu sun juye, tsakiyarsu ta zama kwari, gefensu ya zama tudu. Irin wannan da rani hanya ce, da damina rafi.

Na biyu, lambatu a gefe da gefe, wanda zai karɓi ruwan da ya zamo daga doro. Kada a haƙa shi da bango tsaye kamar kabari, gama zai rufta. A yi shi mai faɗin baki, gefensa a kishingiɗe, a bar ciyawa ta kama shi. Inda gangare ya yi ƙarfi sai a jera duwatsu a gicciye cikinsa, tazara kaɗan kaɗan, su karya gudun ruwa. Jema ma in an shuka ta a jere tana riƙe ƙasa ƙwarai, domin saiwarta tana nitsewa da zurfi.

Na uku, mafita. Ba a barin ruwa ya yi doguwar tafiya cikin lambatu, gama yana tafe yana ƙaruwa. Sai a yanka masa ƙananan hanyoyi su karkata da shi zuwa fili ko daji. Amma a yi shawara da mai gona tukuna, kada a kashe gobarar wani a kunna ta wani.

Na huɗu, maƙetara. Inda tilas ruwa ya ƙetare hanya a kan sa kwalbati. Kada bakinsa ya gaza santimita 60, domin wanda ya fi haka ƙanƙanta da wuya a yashe shi, nan da nan ya toshe. In kuwa rafi ne mai faɗi wanda ke kawo ruwa sa'a biyu ko uku ya janye, ya fi sauƙi a shimfiɗa kankare da duwatsu a ƙasansa, a bar ruwa ya bi ta kai, masu wucewa su dakata har ya janye. Wannan ya fi gada araha nesa ba kusa ba.

Bayan an gama waɗannan huɗu ne a ke maganar burji. A kan shimfiɗa shi kaurin kamar santimita 15 bayan an daɓe. Burjin kirki shi ne mai tsakuwa haɗe da ɗan jan ƙasa mai danƙo. Ga yadda za ka gwada shi: jiƙa shi kaɗan, ka dunƙula a hannu. In ya watse, danƙonsa ya yi kaɗan ko ruwa bai isa ba. In ya maƙale a tafin hannu kamar tuwo, yumɓu ko ruwa ya yi yawa. In ya tsaya dunƙule bai ɓata hannu ba, ya yi daidai.

Rami kuwa in ya fito a hanya, kada a cika shi da shara ko toka ko yashi, kamar yadda mu ke yi. A kwashe taɓon da ke ciki, a daidaita bakinsa da diga, a zuba burji kaɗan kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, kamar yadda mata ke yin daɓen ɗaki, har ya ɗara hanyar tudu kaɗan. Ramin da mutum ɗaya zai cike da kwando biyu a farkon damina, in an bar shi sai an kira tifa da kaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai kuma maganar nauyi. Daga 1958 zuwa 1960 aka yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, aka dinga bin hanyoyin kwalta da na kankare da motoci masu nauyi dabam dabam. Abin da aka gano shi ne, in nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka sau 2, ɓarnar da ta ke yi wa hanya ta kan ninka kamar sau 16. In haka ya ke ga kwalta, ina ga jiƙaƙƙiyar ƙasa? Don haka ne a Kamaru a kan sa shinge a hanyoyin ƙasa, a tsai da manyan motoci bayan an yi ruwa har hanya ta sha iska. Dagaci yana iya roƙon direbobin da ke ɗaukar hatsi su yi irin wannan haƙuri.

Kowane ƙauye burinsa kwalta. Ba laifi, amma ita ce ta ƙarshe. Kwalta a kan hanyar da ba ta da magudana kamar sabuwar riga ce a jikin mai ƙazwa.

Magudanan cikin gari

Ruwan da ke fita daga gida iri uku ne: ruwan sama, da ruwan wanka da wanke-wanke, da ƙazantar makewayi. Asalin tsabtar gari shi ne kada a bar su su haɗu.

Ruwan sama shi kaɗai ya cancanci bin buɗaɗɗiyar magudana. A fara tsara ta daga ƙasa, watau daga inda ruwan zai ƙare, a hau zuwa tudu. Wanda ya gina kwata a ƙofar gidansa kaɗai, ba ta haɗu da kome ba, ya gina wa sauro kwami. Babban abokin gabar magudana yau leda ce, ita da yashi. Leda ɗaya ta tare kara, kara ya tare yashi, kafin wata guda magudana ta shafe.

Ruwan wanka da wanke-wanke, wanda mu ke sakowa ta rariya zuwa lungu, ya kamata a haƙa masa rami cikin gida ko jikin katanga, zurfinsa da faɗinsa kamar mita guda guda, a cika da duwatsu, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe. Ruwan sai ya tsiyaye cikin ƙasa, lungu ya bushe, gindin katanga ya huta.

A 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro. Sauro kuwa a ruwa ya ke ƙwai, kuma da zafi irin namu kamar kwana 10 sun isa ƙwai ya zama mai cizo. Abin lura shi ne, sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ƙananan ruwaye masu ɗan tsabta waɗanda rana ke bugu, irin na sawun shanu, da sawun taya, da ramin da aka ɗebi ƙasa. Na baƙin ruwan kwata wani iri ne dabam. Ashe ramukan hanya ba mota kaɗai su ke cuta ba.

Kududdufi fa? Kakanninmu sun haƙa shi ne don ƙasar gini, amma ya zama rumbun ruwan gari, shi ke karɓar ambaliya. In aka cike shi da shara aka yi gini a kai, ruwan ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya shiga ɗakuna. Abin da ya kamata shi ne a yi masa mafita wadda za ta kai rarar ruwa fadama, a hana zuba masa shara da bayan gida, a kuma hana yara wanka ciki. Tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini, daga irin wannan ruwa a ke kamuwa da ita, gama tsutsarta tana girma cikin ƙananan katantanwa, sa'an nan ta huda fatar mai wanka.

Salga da rijiya

A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A zamanin nan galibin likitoci suna zaton wari ne ke kawo ta. Sai wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan su ke ɗiban ruwa, ya ga mafi yawansu famfon rijiya ɗaya su ke sha. Ya shawo kan hukumar unguwa aka cire hannun famfon. Daga baya da aka tona, sai aka tarar da wani tsohon ramin masai kusa da rijiyar, bai fi taku ɗaya ko biyu ba, yana yoyo cikinta.

Kada mu ɗauka wannan labarin da ne kurum. A 2021 mutanen da aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya sun haura 100,000, waɗanda suka mutu sun fi 3,000, jihohin Arewa kuwa su suka fi shan wuya. Hanyar cutar ba ta sake ba tun zamanin Snow: daga bayan gida zuwa baki, ta ruwa, ko ƙuda, ko hannu, ko abinci. Taifot, da atuni, da shan inna, da tsutsar ciki, duk ta wannan ƙofa su ke shigowa. Mu da muka yi karatun allo mun ji a hadisi an hana biyan bukata a kan hanya, da inuwar da mutane ke zama, da mashayar ruwa. Ilmin likita ya zo ya nuna hikimar hanin.

Ga sharuɗɗan salga. Ta nisanci rijiya da mita 30 ko fiye, ta kuma zama ta gangare da ita. Ƙasan ramin ya tsaya kamar mita 2 sama da inda a ke cim ma ruwa da damina. Inda ƙasa ta ke rairayi a ɗaure bakin ramin da bulo. A ɗaga daɓenta sama da ƙasa domin kada ruwan sama ya shiga, a yi shi da siminti in da hali, saboda ya wanku. A yi mata murfi.

Akwai wata dabara da wani masani, Peter Morgan, ya fito da ita a shekarun 1970 a ƙasar da a ke kira Zimbabuwe yanzu. A kan kafa dogon bututu daga ramin ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga, a bar cikin ɗakin da ɗan duhu. Iskar da ke wucewa bisa bututun sai ta zuƙe wari. Ƙudan da ke cikin rami kuwa haske ya ke bi, sai ya hau bututu, raga ta tare shi, ya mutu a nan. Irin wannan salga ba a toshe bakinta da murfi, domin iska ta sami shiga.

Masana sun ƙiyasta mutum ɗaya yana tara kamar lita 40 zuwa 60 a ramin salga cikin shekara. In mun ɗauki 50, gida mai mutum 10 zai tara lita 500. Rami mai faɗin mita 1 ko ta ina, zurfinsa mita 3, in an bar rabin mita a sama don cikewa da ƙasa, zai ci lita 2,500, watau shekara 5 ke nan. Wanda ya haƙa biyu ya huta. In ɗaya ya cika sai a rufe shi a koma ɗayan. Bayan shekara 2 abin da ke ciki ya ruɓe ya zama kamar ƙasa, ana iya kwashewa a kai gona.

Rijiya kuma a ɗaure bakinta ya kai ƙugu, a yi mata daɓen siminti kewaye mai gangare zuwa waje, da ƙaramar magudana, da murfi, da wurin rataye guga. Da an yi wa rijiyar unguwarmu wannan, da ruwan bayan gidaje bai shige ta ba.

Kada wani ya ce mutanenmu ba su sake hali. A ƙarshen shekarun 1980 masu kurkunu a Nijeriya sun haura 600,000. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi, da wa'azin gida gida, aka kawar da shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida haka a 2013. Haka kuma a 2022 aka bayyana Jigawa ita ce jiha ta fari a ƙasar nan da ta rabu da yin bayan gida a fili. Amma salgar da aka haƙa bana tana iya ruftawa baɗi. Samun shaida abu ɗaya ne, riƙe ta kuma aikin kowace shekara ne.

In gari ya ci gaba

In gari ya sami famfo, mutane suka fara sa masai na ruwa, to ƙazantar ta ƙaru da ruwa mai yawa, ramin salga ba zai ɗauka ba. Mataki na gaba shi ne tankin siminti a ƙarƙashin ƙasa, mai ɗaki biyu. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya ruɓe, mai maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya wuce zuwa ramin tsiyaya, wanda a ke kira sokawe. Ruwan nan bai tsarkaka ba, don haka sharaɗin mita 30 yana nan. Tankin kuma tilas a kwashe shi bayan 'yan shekaru. A nan ina gargaɗi da babbar murya: kada kowa ya shiga irin wannan rami. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum nan take, sau da yawa kuma wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Bututun ƙarƙashin ƙasa wanda ke kwashe ƙazantar gari duka, irin na manyan birane, ba ya aiki sai kowane gida yana da ruwan famfo isasshe wanda zai tura ta. In babu, sai ya toshe. Saboda haka bai dace da ƙauyen da ke jan ruwa da guga ba. Amma garin da ya cika, gidaje suka matsu, ba wurin haƙa sabon rami, shi ya kamata ya yi tunaninsa. Sai dai a tuna, bututu ba ya tsarkake kome, yana kai ƙazanta wani wuri ne kurum. In aka sake ta cikin rafi, an aika wa na gangare da cuta.

Hanya mafi sauƙi ta tsarkake ta a ƙasa mai rana irin tamu ita ce tafkuna uku a jere, a bayan gari, can gangare, nesa da gidaje da rijiyoyi, a kewaye su da shinge. Na fari mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5, a nan mai nauyi ke kwanciya ya ruɓe. Na biyu mai faɗi ne, zurfinsa bai fi mita 2 ba. A cikinsa gansakuka ke tsiro, tana ba da iskar da wasu ƙwayoyin halitta ke bukata don cinye ƙazantar. Na uku ya fi su rashin zurfi, domin rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan ya kan yi makonni kafin ya fita, sa'an nan a iya shayar da itatuwa da shi. Ba a bukatar inji ko lantarki, sai fili, da mai tsaro wanda zai dinga nome ciyawar baki don kada sauro ya sami maɓoya.

Wa zai yi, kuma yaushe?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina hanyoyi da magudanai da kula da su, da tanadin makewayin jama'a, da kawar da shara da ƙazanta. Saboda haka in gari ya nemi kwalbati ko burji, haƙƙinsa ya nema, sai a rubuta takarda ta hannun Dagaci da Hakimi da kansila. Amma yasar lambatu ba ta jiran takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gayya kuwa gadonmu ce.

Ga yadda za a raba aikin shekara. Da kaka, bayan ɗauke ruwa, ƙasa na da sauran laima, a cike ramuka a mai da doro. Da rani a tara burji da duwatsu, a haƙa salga, a ɗaure rijiya. Da bazara, kafin ruwan fari, a yashe kowace magudana da kowane kwalbati, a kai abin da aka kwaso nesa, kada a tara shi a baki ya koma. Da damina kuwa a fita duba bayan kowane babban ruwa.

Gayya tana da aibi ɗaya: abin kowa ba na kowa ba ne. A Kenya, inda aka fara wani shiri na gina hanyoyin karkara da hannu a 1974, an yi amfani da dabarar ba mutum ɗaya yankin hanya kamar kilomita 1 ko 2 kusa da gidansa, a ba shi kayan aiki da ɗan lada, in yankin ya lalace an san wanda za a tambaya. Gari yana iya yin haka da ɗan asusu wanda a ke tarawa da kaka, a rubuta shiga da fita, a karanta a gaban jama'a. In kuɗi kaɗan ne, a fara da rijiya da salga, sa'an nan magudanai, sa'an nan maƙetara, sa'an nan burji.

Rabon malami

Yanzu na komo ga mai tambayar farko. A ƙauye da yawa malami ne mai ma'auni, shi ne mai rubuta takarda, kuma 'ya'yan kowane gida suna gabansa kullum. Ran da aka yi ruwa, ka fita da manyan yara, ku bi shi tun daga indararo har fadama, ku zana taswirar gari, ku sa alama inda ya kwanta, da inda ya ci ƙasa, da inda salga ta kusanci rijiya. Darasin labarin ƙasa ke nan, da lissafi, da kiwon lafiya, a fita ɗaya. Ka tabbata makewayin makaranta ya fi na kowa tsabta, da buta da sabulu ko toka a ƙofarsa.

Amma ka yi hattara da girman kai. Kada ka shiga gari jiya, yau ka ce wa dattawa garinsu ƙazami ne. Ka tafi wurin Dagaci da Liman da ladabi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da yara suka gano, mun kawo a duba mana." Ka tambayi tsofaffi inda ruwa ke bi a shekarar ambaliya, gama sun fi taswirarka sani. In aikin ya yi kyau, ka bar musu yabon.

Ga tambayoyi uku don gwaji a aji:

1. Rufi mai tsawon mita 12 da faɗin mita 6, in aka yi ruwa milimita 25, lita nawa zai zubo?
2. Hanya mai faɗin mita 4, da santimita nawa tsakiyarta za ta fi gefenta tudu?
3. Gida mai mutum 15, shekara nawa ramin da ke cin lita 3,000 zai yi musu?

Iyakar abin da na tattara ke nan. Inda na yi kuskure malamaina su gyara mini. Ni dai na yi niyya, in Allah ya kai mu hutun rani, ba zan komo ba sai mun ɗaure bakin rijiyar unguwarmu, mun kuma yashe kwalbatin gabas kafin ruwan fari. Ina roƙon kowane ɗayanku ya duba ta garinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da sharrinta, amin.